Allura a Ƙwaryar Nono

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mani sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya, da wani wuni guda da na yi a ƙauyen aurena, can kusa da Birchi a ƙasar Kurfi. Na rasa iyaye, na rasa miji, na ga fari na ga yunwa, duk sun huce a zuciyata. Amma wannan wunin, in ya faɗo mani ko alwala nake yi, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi kamar jiya aka yi.

Wadda ta tono shi kuwa jikata ce, mai karatu a jami'a. Ta zo hutu ta tarar da ni ina zuba irin nono a madara, ta tsuguna ta ce, "Kaka, kin san abin nan da kike zubawa yana da rai?"

Na ce, "Tun ba a haifi uwarki ba na sani."

Ta ce wai wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, su ke sa nono ya yi tsami. Wai yanzu masana na nan suna yi masu gyara a ɗakunan bincike, suna ɗora masu alamar tarin shiƙa, don wata rana yaro ya sha a baki ko a ɗiga mashi a hanci, jikinshi ya koyi faɗa da tarin ba tare da an soke shi ba. Ta ce ba a gama ba, har yanzu a kan ɓeraye ake gwadawa. Tana ta zuba bayani tana jiran in riƙe baki don mamaki. Ni kuwa na sunkuyar da kai, na ja faifai na rufe ƙwaryata.

Ta ce, "Tsohuwa, ko barci ya sace ki a zaune?"

Ba barci ba ne. Nono da tarin shiƙa, ai ni na taɓa haɗa su a ƙwarya ɗaya, kuma ba wanda ya kira ni masaniya.

To, a saurara.

A wancan zamani ko jihar Katsina ba a yi ba, muna ƙarƙashin Kaduna. Ana cikin gina dam ɗin Zobe, in rani ya yi maza sai su watse can wurin aikin lebura, har da maigidana. Ni ɗiyar Fulani ce daga wajen Shema, cikin waɗanda suka zauna suka kama noma, Fillancin ma sai ɗan abin da ba a rasa ba. Aure ya kawo ni cikin Hausawa, gida na ƙarshe a bakin gari, daga shi sai gonaki. Surukata ta rasu tun ban zo ba. Ba ni da ya a garin, ba ni da ƙanwa, ba ni da ƙawa. Shanun da aka ba ni daga gidanmu su ne dangina. In na gama tatsa nakan tsaya in ba su labarin abin da na dafa. (Ba su taɓa kushe mani miya ba, wannan shaida kam zan ba su ko a gaban alƙali.)

Akwai dalilin da ya sa matan garin suka ja baya da ni. Ɗana na fari, wanda ko yana raye bakina ba zai kama sunanshi ba, tarin shiƙa ne ya ɗauke shi tun bai fara zama ba. Wanda bai ga wannan tari ba, kada Allah ya nuna mashi. Yaro ya yi ta tari, ya yi ta tari, babu ƙofar jan numfashi, har leɓɓa su yi baƙi, idanu su firfito, sannan ya ja iska da wata ƙara kamar ta zakaran da aka shaƙe, ya amayo ɗan abin da ya tsotsa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, har nonon jaka an nemo. Ranar da aka fita da shi ban yi kuka a gaban mutane ba, don haka aka koya mana a gidanmu: ɗan fari ba a nuna shi, ko a murna ko a hawaye. Mata suka ga idona a bushe, suka ce 'Yar Fillo zuciyar dutse gare ta. Daga nan gaisuwarmu ta koma ta bayan danga. Kukan kuwa na yi shi, a turke na yi shi, kaina jingine da cikin saniya.

Kwanci tashi Allah ya ba ni ɗiya, Saude. Ina goye da ita, ina goye da tsoro. Ko atishawa ta yi sai in sauke ta in duba.

Ana nan, ana nan, sai ga wata ma'aikaciyar asibiti daga Dutsin-Ma, Sista Rifkatu. Kirista ce daga can kudancin Zariya, gajera, mai fararen kaya da takalmin roba, Hausarta da wata 'yar lanƙwasa mai daɗin ji. Ta zo tana bin gida-gida, tana shaida wa mata za a kawo allurar rigakafi. Gidana ne na ƙarshe, ta iso ƙafa na ja. Na shimfiɗa mata tabarma, na dama mata fura da kindirmo. Ta kafa kai ba ta ɗago ba sai da ta ga gindin ƙwarya.

Ta ce, "Kai, Maman Saude! Wannan nono naki zai sa mutum ya manta hanyar gida."

Maman Saude. Ba a taɓa kirana haka ba. A gari ni 'Yar Fillo ce, a bakin maigidana kuwa "ke". Sai na ji bakina ya buɗe.

Na ce, "Sista, wai wane irin magani ne wannan da ake yi wa mai lafiya?"

Ta ce, "Ba kamar na ciwon kai ba ne. Ɗan kaɗan ne daga irin cutar kanta, an kashe masa ƙarfi. In ya shiga jikin yaro, jiki ya gane shi, ya yi shiri. Ranar da babban ya zo sai ya tarar ana jiransa a ƙofa."

Na juya maganar a raina. Can na ce, "Wato kamar irin nono? A zuba ɗan ludayi, ƙwarya duk ta kama?"

Ta tafa hannu ta ce, "Yauwa! Kusan haka ne. Ke kin fi wasu 'yan makaranta saurin ganewa."

Wannan yabon shi ya kai ni ya baro.

Bari in yi bayani saboda 'yan yanzu da suka san nono a roba kaɗai. Madara ba ta zama kindirmo mai kyau don ganin damarta. Sai ka rage ɗan nonon jiya, shi ne iri, ka zuba a sabuwar madara mai ɗumi, ka rufe da faifai, ka ajiye inda ba iska. In lokacin zafi ne, nan da nan ta kama. In lokacin sanyi ne kuwa, iri yakan yi kasala ya ƙi aiki, ka buɗe ka tarar da ruwa tsululu. Sai ka matsar da ƙwaryar kusa da murhu, ka zagaye ta da toka mai ɗumi, ka lulluɓe da tsumma. Iri ba ya son sanyi. Kakata ta san wannan, uwata ta sani, ni ma na san shi kamar yadda na san sunana.

Bayan zuwan Sista sai labari ya iso cewa tarin ya shiga wani ƙauye gabas da mu. Na daina fita da Saude ko bakin rijiya. Kullum kunnena na kan hanya, ina jiran ƙugin mota.

Ranar ta zo cikin tsananin sanyi. Da hantsi Landirobar asibiti ta tsaya ƙofar gidan mai unguwa. Mata ba su gama haɗuwa ba sai ga wani mutum a kan keke yana haki, wai matarshi ce a wata ruga take naƙuda tun jiya, abin ya ƙi. Dole Sista ta tafi, kuma in ta kama a ɗauko matar, motar za ta cika da ita da 'yan rakiya. Ina tsakar gida sai na ji sallama, sai ga Sista da kanta rataye da wani akwati shuɗi na roba mai kauri.

Ta ce, "Maman Saude, ga amana. Maganin allurar ne a ciki. Ki sa mini a ɗaki inda rana ba ta shiga. Kar yara su taɓa."

Na ce, "Sista, duk gidajen garin nan, nawa kika zaɓa?"

Ta ce, "Ai gidanki ne shiru. Ba mai shiga, ba mai fita."

Ta juya da gudu. (Ni kuwa a lokacin yabo na ɗauki maganar. Sai da shekaru suka ja na gane gaskiya kawai ta faɗa.)

Na kai akwatin ƙuryar ɗaki na ajiye. Na zauna ina kallonshi, yana kallona. Ran Saude ke cikin wannan abu. Na kai hannu na shafa murfin, sai na ji sanyi. Na ce a raina, ta ce kar yara su taɓa, ni kuwa ba yarinya ba ce. Na buɗe.

Wani sanyi ya bugi fuskata. Ga 'yan kwalabe kamar babban yatsa an jera, an zagaye su da wasu robobi masu faɗi, masu tauri kamar dutse. Na taɓa ɗaya, yatsana ya yi zogi kamar na taɓa garwashi. Ƙanƙara ce. To ni na san ƙanƙara, amma daga sama na san tana faɗowa da damina, ta yayyaga ganyen gero ta kashe 'yan tsaki. Ban taɓa jin ɗan Adam mai hankali ya zuba ta a akwati da gangan ba. Nan take na haɗa labarin da kaina: sun taso daga Dutsin-Ma cikin wannan sanyi, an ɗora akwatin a bayan mota, iska ta yi ta dukanshi, har ruwan da ke ciki ya daskare.

Na ce, Allah sarki Sista. Gwana ce a allura, amma ba ta san halin iri ba. In aka yi wa Saude wannan a haka, ba zai kama ba. Zai shiga jikinta ya kwanta, tari ya zo ya tarar da ƙofa a buɗe. Na dubi Saude tana barci, sai fuskar wancan da na rasa ta gifta mani.

Na tashi na ɗaura ɗamara.

Ƙwaryar da uwata ta ba ni ranar da aka kawo ni, wadda ba na zuba mata komai sai kindirmon salla, ita na sauko. Na wanke, na goge, na shimfiɗa sabon ƙyalle a ciki. Na ɗauko kwalaben ɗaya-ɗaya da bisimilla na jera. Na rufe da faifai, na kai gindin murhu, na tara toka mai ɗumi na zagaye, na lulluɓe da zanena. Robobin nan na ƙanƙara na fitar da su rana, kafin wani lokaci suka saki suka koma ruwa, na ce kun ga, dama ciwo ne ya kama ku. Akwatin kuwa na goge shi tas, na kife a kan danga ya sha iska, har ina yi wa Sista tsegumi a zuci cewa ma'aikatan asibiti da kansu suna barin kaya da laima.

Lokaci-lokaci in je in sa bayan hannuna in ji, in juya ƙwaryar don kowane gefe ya samu. Da na ɗora sanwar rana wuta ta ƙara ƙarfi. Na ce ba laifi, sanyin ya shige su da yawa, gara su ji sosai.

Ina aikin ina saƙa. Sista za ta buɗe, ta ji ɗumi, ta ɗago ta ce a gaban kowa, "Ku dubi Maman Saude, ita ta ceci allurar nan." Gwaggo Hurera, yayar mai unguwa, wadda bakinta ke yanka kamar aska, wadda ita ta fara kirana mai zuciyar dutse, za ta ce, "Ashe 'Yar Fillo mutum ce." Gobe wata ta leƙo ta ce in ara mata turmi. Jibi a aiko mani da goron suna. Iyakar burina ke nan, wallahi, a ari turmina. Na yi wanka, na ɗaura zanen da ba na ɗaurawa sai biki. Har kwalli na sa.

Bayan azahar motar ta dawo. Mata sun cika gindin tsamiyar ƙofar mai unguwa, kowa da goyo, wasu da na hannu. Akwai waɗanda suka taso daga nesa, akwai waɗanda sai da aka yi ta lallashin mazajensu kafin a bar su su fito. Aka aiko in kawo akwati.

Na goya Saude, na rataya akwatin a kafaɗa, na ɗora ƙwarya a ka. Ban bi gefe ba yadda na saba, tsakiyar mata na ratsa. Na hango an ɗora tukunya a risho ana tafasa allurai, na ce a raina, ka ji, su ma sun san darajar zafi.

Gwaggo Hurera ta ce, "Ke 'Yar Fillo, allura aka zo yi, ba tallan nono ba."

Aka yi dariya. Ban kula ba. Na ce bari dai.

Na durƙusa gaban Sista. Ta gaji, idanunta sun faɗa, gefen rigarta da jini. Ta karɓi akwatin, sai ta ji shi sakayau. Ta buɗe. Babu komai, a bushe, har da ɗumin rana. Ta dube ni.

"Maman Saude, ina kwalaben?"

Sai na ɗaga murya don na baya su ji. (Wannan ɗaga muryar ita ta fi ci mani rai har yau. Da a hankali na faɗa, da wataƙila na ɗan rage.) Na ce, "Sista, kwantar da hankalinki. Na tarar sanyi ya kama su har sun daskare. Na ɗumama maki su. Yanzu kam za su kama."

Na sauke ƙwarya, na yaye zane, na ɗaga faifai a hankali, kamar mai nuna kayan ɗakin amarya.

Mata suka miƙo wuya suna leƙe.

Sista ta ɗauki kwalba ɗaya, ta yi saurin juya ta ɗaya hannun don zafi. 'Yar takardar da ke jikinta ta saɓule ta manne mata a yatsa. Ta ɗauki wata. Ta ɗauki wata. Sai kawai ta zauna daɓas a ƙasa da fararen kayanta, ta faɗi wata magana da yarensu. Ban ji yaren ba, amma na san ba albarka ta sa mani ba.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun da kuka tafi." Har yanzu ban gane ba. Sai na ƙara da cewa, "Ban bari wutar ta mutu ba."

Direban motar ya cire hula ya toshe baki, ya zagaya bayan mota, kafaɗunshi na rawa.

Sista ta miƙe ta kakkaɓe riga. Ta fuskanci mai unguwa ta ce, "Ranka ya daɗe, iyaye mata, ku yi haƙuri. Babu allura yau. Wannan magani tun daga inda aka yi shi cikin sanyi yake tafiya, daga jirgi zuwa mota, daga hannu zuwa hannu, ba a bari ya ji zafi. Ƙanƙarar nan da gangan aka sa ta. In ya ji wuta ya lalace. In na soka wa yaranku wannan, yaudararku na yi. Laifina ne, ban yi mata bayani ba."

Gwaggo Hurera ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Jama'a, kun ji? Ta dafa allura! 'Yar Fillo ta dafa allura! Ke, kin sa gishiri kuwa? Da kin yi magana ai da na aiko maki da daddawa!"

Wuri ya kece da dariya. Wata ta ce, "A kawo tuwo mana, miya ta nuna!" Wata ta ce, "Allah ya sa ba ta tuƙa ba."

Dariyar ba ta daɗe ba. Mai unguwa ya tambayi yaushe za a dawo, Sista ta ce ba ta sani ba, sai an aiko da wani, sai mota ta samu. Abin da ya rage a Dutsin-Ma kaɗan ne, na masu zuwa asibiti da ƙafarsu. Sai na ga mata sun fara gyara goyo. Wata da ban sani ba, mai tagwaye, ta tsaya gabana. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Daga bayan kogi na taso da su." Ta wuce. Da mari ta yi mani da ya fi sauƙi.

Sista ta kwashe kwalabenta ba ta ƙara dubana ba. Na ɗauki ƙwaryar uwata na kama hanya. Wannan karon gefe na bi. Kafin in kai gida kwallin ya gangaro har haɓa, kuma ranar, a gaban duk wanda ya so gani, 'Yar Fillo ta yi kuka. Ba wanda ya ce sannu.

Daga nan sunana ya koma Mai-dafa-allura. Ba na zuwa rijiya sai na tabbata kowa ya watse. Maigidana ya zo daga Zobe, ya ci tuwo, ya duba shanu. Sai da ya rataya jakarshi zai koma ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Har wurin aikinmu labarinki ya je." Ya fita.

Shi ke nan, wata safiya ina daka, sai na ji shi. Daga gidan da ke bayan namu ya fito. Tari, tari, tari, sannan wannan jan iskar. Taɓarya ta suɓuce daga hannuna.

Wuri ɗaya allura take, Dutsin-Ma. Mutum ɗaya ke yin ta, matar da na zaunar a ƙasa gaban jama'a. Na ji an ce manyanta sun kira ta sun wanke ta tas saboda ni. Na tsaya tsakar gida, kunya ta riƙe mani ƙafa ɗaya, tsoro na jan ɗayar. Da a ce ni ce mai buƙatar allurar, na rantse da na zauna tari ya kashe ni. Amma sai Saude ta yi miƙa a bayana, na ji ɗumin numfashinta a wuyana.

Ban jira izinin kowa ba. Na ce in maigida ya zo ya yi faɗa, ya yi shi a kan rayayyar ɗiya. Na cika gora da kindirmo, na bi ta gonaki don kada a gan ni, na fita bakin hanya, na shiga motar 'yan kasuwa, aka cusa ni tsakanin buhunan gyaɗa da wani bunsuru.

A asibitin na samu ƙarshen benci na zauna, na ja mayafi na rufe fuska. Duk wadda ta zo bayana sai in ce, "Wuce, baiwar Allah, ban shirya ba." Haka na yi ta yi har benci ya zama daga ni sai ni.

Na ji muryarta. "Saura wa? Ke mai lulluɓi, amarya ce aka kawo mana?"

Na yaye mayafin.

Ta tsaya da tire a hannu. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Maman Saude. Mai murhu."

Na zame daga benci na durƙusa. Na ce, "Sista, ni ki yi mani duk abin da kika ga dama. Amma tari ya shigo bayan gidanmu. Yarinyar nan ba ta dafa komai ba."

Ta ajiye tire, ta kwance Saude daga bayana, ta sa abin saurarenta a ƙirjin yarinyar, ta saurara, ta juya ta ta saurara.

Ta ce, "Ƙirjinta fes. Tashi ki biyo ni."

Ta kai ni wani ɗan ɗaki. Ga wani farin akwati na ƙarfe, ya kai ƙirjina. Ta ce sunanshi firji. Ta buɗe ta ce, "Sa hannu." Na sa. Ta ce, "Kin ji? Nan ne gidansu. Irinki na nono so kike ya hayayyafa, shi ya sa yake son ɗumi. Wannan ba hayayyafa ake so ya yi ba. So ake ya tsaya yadda yake har ya shiga jikin yaro. Kin gane?"

Na ce, "Na gane." Kaina na ƙasa don kunya. To da yake kaina na ƙasa, sai idona ya faɗa ƙarƙashin firjin. Ga wani ɗan tanki mai warin kananzir. Ga lagwani. Ga wata 'yar wuta shuɗiya tana ci abinta, lafiya lau, daidai gindin maganin.

Wallahi na yi niyyar yin shiru. Na cije leɓe. Na kawar da kai. Na karanta abin da na iya. Bakin nan ya ƙi.

Na ce, "Sista... wannan ta ƙasan, ba wuta ba ce?"

Ta leƙa. Ta ce, "Wuta ce."

Na ce, "To..."

Ta dube ni, ta dubi wutar. Sai dariya ta ƙwace mata, ta dafa bango, Saude na saɓe a kafaɗarta, ta yi ta yi har hawaye. Da ƙyar ta ce, "Kar ki tambaye ni, Maman Saude. Ni ma ban san yadda wuta ke haifar ƙanƙara ba. Abin da na sani, ranar da ta mutu na shiga uku. Amma ke, don Allah, ja baya. Ƙara ja. Yauwa, tsaya nan bakin ƙofa."

Daga bakin ƙofar na ga an soka wa ɗiyata allura a cinya. Ta tsala ihu. Ban taɓa jin kuka mai daɗinshi ba: kuka mai tsawo, mai ƙarfi, da numfashi cike a cikinshi.

Sista ta ce sai na dawo da ita sau biyu nan gaba kafin abin ya cika. Ta karɓi goran kindirmo ta sha a tsaye, ta goge baki ta ce, "Sun yi mini faɗa kam. Na koma ɗakina ban samu ko wanda zan ba labari ba. Da kin zo da wuri ai da mun yi kukan tare." Na koma mata duka biyun, kowane zuwa da gorana. Kafin damina aka yi mata canjin wurin aiki. Ban ƙara ganinta ba, kuma ba wanda ya ƙara kirana da sunan da take kirana.

Motar asibiti ta dawo garinmu daga baya. A zauren mai unguwa aka ajiye akwatin, aka sa ƙato ya zauna a kai, Gwaggo Hurera ta ce in an hango ni da ƙwarya a yi kururuwa. Yaron bayan gidanmu ya sha wuya amma ya tashi. Allah ya rufa mani asiri, ba a rasa yaro ko ɗaya ba a wannan shekarar. Da an rasa, da ba da wannan bakin zan ba da labarin ba. Saude kuwa tarin bai taɓa ta ba, ta girma ta yi ƙiba, har yau ta fi ni baki.

Abin da na koya ba shi da yawa. In aka ba ni ajiya, yadda aka miƙo mani haka nake mayarwa. In da sanyi ta zo, da sanyinta za ta koma. Kuma duk ranar da zuciyata ta raɗa mani cewa ni kaɗai na gano abin da kowa bai gano ba, yau za a san ni, sai in nemi wuri in zauna a kan hannuwana har abin ya wuce.

Kwanan baya maƙwabciyata za ta fita unguwa, ta bar mani kunun jaririnta, ta ce in ya huce in ɗan ɗumama mashi. Sai da na sa ta maimaita a gaban shaidu.